Nawa Ake Biya don Hana Gada Faɗuwa? Lissafin Kalifoniya da Japan

Ranar 17 ga Oktoba, 1989, jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na yamma, ƙasa ta girgiza a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Girgizar, wadda aka sa wa suna Loma Prieta, ba ta wuce sakan 15 ba, amma a birnin Oklan hawan sama na gadar Cypress ya rufto a kan hawan ƙasa tsawon kusan kilomita 2. Mutum 42 ne suka rasu a wurin, daga cikin 63 da girgizar ta kashe baki ɗaya. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a takardun hukuma wannan gada tana cikin waɗanda aka riga aka yi wa aiki. Bayan girgizar San Fernando ta 1971, hukumar sufuri ta jihar, Caltrans, ta bi gadoji fiye da 1,200 tana ɗaure shimfiɗunsu da igiyoyin ƙarfe don kada su zame daga kan ginshiƙai. Cypress ta samu nata ɗaurin a 1977. An kashe kuɗi, an rufe fayil, ginshiƙan kuwa ba wanda ya taɓa su, kuma su ne suka karye.

Tun daga wannan rana masu neman a ƙarfafa tsofaffin gadoji suka samu hujjar da ba a iya jayayya da ita a bainar jama'a: rigakafi ya fi magani. Ni ma ban ja ba. Damuwata tana kan yadda ake kawo lissafin. Ana nuna wa jama'a farashin abu mafi araha a cikin aikin, a karɓi amincewarsu, sauran kuɗin kuma su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har shekaru ashirin. Kalifoniya da Japan sun bi wannan hanya tun daga farkonta, don haka littafin kuɗinsu a buɗe yake ga mai son dubawa.

Sai an fahimci ciwon kafin a yi maganar kuɗin magani. Ginshiƙin kankare yana da rodi iri biyu: dogayen da suke miƙe daga ƙasa zuwa sama, da zobban da suke kewaye su. Kafin 1971 abin da aka saba yi a Kalifoniya shi ne a sa zoben rodi siriri, mai kaurin milimita 13, a bar tazarar santimita 30 tsakanin zobe da zobe, ko ginshiƙin ƙarami ne ko kato. Ga ɗaukar nauyin motoci wannan ya wadatar. Amma girgizar ƙasa tura ginshiƙi take yi gefe da gefe, ta kai shi ta dawo da shi, kankaren waje ya ɓare, na ciki ya fara rugurgujewa. Ginshiƙi a wannan hali kamar damin kara ne: idan igiyar ɗaurin ta yi yawa kuma ta matse, ko an jijjiga shi yana nan a dunƙule, idan kuwa igiya biyu ce sako-sako, karan tsakiya su bulluƙo waje, damin ya watse. Akwai kuma aibi na biyu. Magina na wancan zamani suna haɗa rodin ginshiƙi da rodin da ya fito daga harsashi a daidai gindi, su jera su kusa da juna tsawon ɗan taƙi kawai, alhali gindin nan ne wurin da lanƙwasa ta fi tsanani.

Maganin da injiniyoyin Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka gwada, a ƙarƙashin Nigel Priestley da Frieder Seible, mai sauƙin fahimta ne. A lanƙwaso faranti biyu na ƙarfe, kowanne rabin da'ira, a rungume ginshiƙin da su, mai walda ya bi gaɓar daga ƙasa har sama, sannan a ɗura ruwan siminti a ratar da ke tsakanin ƙarfe da tsohon kankare. A gindi ana barin tazarar kusan santimita 5 tsakanin wannan rigar ƙarfe da harsashi, da gangan, domin ana so rigar ta matse ginshiƙin ne kawai, ba a so ta zama wata sabuwar ƙafa mai ɗaukar kaya. Idan ginshiƙin mai kusurwa huɗu ne, sai a yi rigar da siffar ƙwai, saboda miƙaƙƙen faranti ba ya matse komai, kumbura yake yi ya ba da hanya.

Kuma rigar ta yi aiki. Girgizar Northridge ta 17 ga Janairu, 1994, ta kayar ko ta lalata gadoji 7 na manyan titunan Los Anjalas, babu ko ɗaya a cikinsu da ginshiƙanta ke sanye da riga. Ɓangaren titin Santa Monika da ya faɗi yana cikin jerin masu jiran aiki ne lokacin da abin ya same shi. Kuɗin ma bai firgita ba: zagaye biyu na aikin da aka yi bayan 1989 da bayan 1994 sun shafi gadojin jiha kusan 2,200, a kan abin da bai kai dala biliyan 2 da rabi ba, wato kowace gada ta tashi a kan dala miliyan ɗaya da ɗoriya. Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da abin cewa.

Matsalar ita ce ƙarfin girgiza ba ya ɓacewa don an ƙarfafa wuri ɗaya, neman wuri mafi rauni na gaba yake yi. Tsohon ginshiƙi, saboda rauninsa, yana karyewa ne tun kafin ya isar da cikakken ƙarfin ga harsashi. Da zarar ya sa riga ya daina karyewa, sai harsashin ya fara karɓar abin da bai taɓa karɓa ba. Yawancin tsofaffin harsasan nan ba su da rodi a fuskarsu ta sama, kuma turakun da ke ƙarƙashinsu an kafa su ne don a danna su ƙasa, ba a tanade su don a tumɓuko su sama ba. Gyaransu yana nufin tono kewaye da kowane ginshiƙi, a huda tsohon kankare a dasa rodi, a faɗaɗa harsashin, a kafa sababbin turaku a ƙarƙashin gadar da ke tsaye, inda babbar na'urar kafa turaku ba ta da sararin miƙewa. Ga bututun ruwa, ga na gas, ga wayoyin lantarki da aka binne a wurin tun shekaru hamsin, kowanne da mai shi da sai an nemi izininsa. Aikin ƙarƙashin ƙasa yakan ninka kuɗin rigar, har ta kai injiniyoyin Kalifoniya sun fito da wata riga ta daban mai shimfiɗar roba a ciki, wadda ke barin gindin wasu ginshiƙan ya saki da gangan, don dai a kauce wa taɓa harsashi. Dabara ce mai kyau, amma tana nuna inda kuɗin yake a zahiri.

Bangayen gada sun fi ginshiƙai wahala, kuma ba a cika ambatonsu ba. A cikin kogi sau da yawa ba a kafa ginshiƙi mai da'ira, ana zuba bango ne mai faɗi da siriri wanda ruwa zai bi gefensa. Irin wannan bango ta fuskar faɗinsa ba ya lanƙwasa ko kaɗan, duk abin da ya zo masa yana miƙa shi ga harsashi kai tsaye, ko kuma ya tsage a karkace lokaci guda ba gargaɗi. Ta fuskar sirantarsa kuwa yana da raunin da ginshiƙi yake da shi. Rigar ƙwai ba ta yiwuwa a kan bango mai faɗin mita 8 ko 10, domin za ta toshe rabin kogin. Abin da ya rage shi ne a manna faranti ko sabon kankare a fuskokin biyu, a huda bangon daga wannan gefe zuwa wancan, a zura sandunan ƙarfe a ɗaure da noti. Kowane rami sai an laluba da na'ura don kada a yanke tsohon rodi, kuma zanen ginin na shekarun 1950 ba kullum yake dacewa da abin da magina suka zuba ba. Ma'aikaci zai huda rabin bango ya ci karo da ƙarfe, ya toshe ramin, ya matsa gefe ya sake. Duk wannan sai an fara killace wurin da bangon wucin gadi an zuƙe ruwan.

Japan ta san wannan kuɗi fiye da kowa. Girgizar Kobe ta 17 ga Janairu, 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,400, ta kwantar da titin sama na Hanshin a gefensa tsawon fiye da mita 600. A can aibin ya ɗan bambanta: don tsimin ƙarfe, an datse wani kaso na dogayen rodin tun kafin su kai saman ginshiƙi, kuma daidai inda aka datse nan ne ya ɓalle. Ƙasar ta shiga sa wa dubban ginshiƙan tituna da na jirgin ƙasa riga. A kogi sai ta haɗu da dokokinta: an ƙayyade yawan faɗin kogin da ƙafafun gada za su iya tarewa, ga shi rigar kankare tana ƙara kusan santimita 25 a kowane gefe, kuma ba a barin aiki a cikin kogi lokacin da ake fargabar ambaliya. Aikin wata shida sai ya rabu gida biyu ko uku, kowace shekara a sake kafa sansani a sake kwashewa. A cikin birane kuwa, ƙarƙashin gadojin jirgin ƙasa na Tokiyo cike yake da shaguna da gidajen abinci. Ginshiƙin da ake son a rungume yana tsakiyar kicin ɗin wani ne, an jingina masa firji, an rataye masa tukwane. Sai an yi ciniki da mai haya, an biya shi diyya, an fasa masa shago an sake gyarawa. Kamfanonin jiragen har sun ƙirƙiro hanyoyin aiki daga gefe ɗaya kawai na ginshiƙi saboda wannan.

Masu sayar da zanen zaren kabon, wanda ake naɗa wa ginshiƙi da gam, suna cewa nasu ya warware duk wannan: ba nauyi, ba walda, ba kauri, mutum biyu ko uku sun isa. Gaskiya ne a wurare masu matsi. Sai dai kayan da tsada, kuma ingancinsa yana hannun ma'aikaci ne kacokan. Dole a goge fuskar kankaren, a daddatse kusurwoyi su zama masu santsi, a tabbatar wurin a bushe yake, a kori duk wata kumfar iska. Gam ɗin ba ya jure wuta, hasken rana ma yana cinsa idan ba a shafe shi ba. Kuma kowace irin riga, ta ƙarfe ko ta zare, tana rufe fuskar kankaren daga idon mai duba gada. Tsagewar da a da zai gani daga nesa, yanzu sai da na'ura. Rigar ƙarfe tana son fenti lokaci-lokaci, musamman kusa da teku. Wannan kuɗi ne na kowace shekara, kuma ba ya cikin adadin da aka faɗa ranar buɗe aiki.

Sai tambayar da na fi so a yi wa duk mai kawo irin wannan kasafi: me aka saya da kuɗin? Ma'aunin da Kalifoniya ta sa wa gadojinta na yau da kullum shi ne kada su rufto. Ba a yi alkawarin mota za ta bi kansu washegari ba. Ginshiƙi mai riga zai iya fitowa daga babbar girgiza a tsaye amma a karkace, rodinsa ya miƙe ya wuce misali, a rufe gadar, a rushe ta a sake ginawa. An ceci rayuka, kuma wannan shi ne babban abu, ban raina shi ba. Amma idan haka ne bai halatta a saka kuɗin sake gini a cikin ribar da ake cewa rigakafi ya kawo ba, domin za a iya biyan duka biyun. Gadar da ake so motar asibiti da ta kashe gobara su bi bayan girgiza, ma'auninta daban ne, farashinta ma daban.

Akwai kuma abubuwan da riga ba ta da ta cewa a kansu. A girgizar Tohoku ta Maris 2011, ginshiƙan da aka ƙarfafa sun jure jijjigar sosai, sai igiyar teku ta biyo baya. Gadar Utatsu an yi wa ginshiƙanta aiki 'yan shekaru kafin nan, sun tsaya cak, ruwa ya ɗauke shimfiɗar da ke kansu. A Kumamoto a 2016 gangaren dutse ne ya motsa ya tafi da babbar gadar Aso. Inda ƙasa mai yashi da ruwa ta narke ta zama kamar kunu lokacin girgiza, kamar yadda ya faru a Nigata a 1964, ginshiƙi mai lafiya yana tafiya ne tare da ƙasar da ke riƙe da shi. A Amurka kanta, abin da ya fi kowane dalili kayar da gadoji shi ne ruwa mai ƙwaƙule ƙasar gindinsu, irin ciwon da muka sani a damina a ƙasashenmu. Kowace dala da aka ba girgizar da za ta iya zuwa sau ɗaya a ƙarni, an hana wani gyaran ita ne, kuma wajibi ne a faɗi wanne.

Yanzu ga babban adadi. A 1989 wani yanki mai tsawon mita 15 na gadar da ta haɗa San Faransisko da Oklan ya faɗo, aka rufe ta wata guda. Aka fara da maganar ƙarfafa rabinta na gabas, lissafi ya nuna gyaran ya kusa kuɗin sabuwa, aka koma maganar sabuwa a kan kimanin dala biliyan 1.3 a 1997. Daga nan 'yan siyasa da masu son ƙawa suka shigo, aka ce yankin ya cancanci gada mai hasumiya wadda za a yi alfahari da ita, aka yi shekaru ana jayayya kan siffa da kan inda za ta bi. A 2001 adadin ya zama biliyan 2.6. A 2004 kamfani ɗaya tak ya nemi kwangilar ɓangaren hasumiyar, a kan kusan ninki biyu na abin da aka ƙiyasta. A Maris 2013, watanni kaɗan kafin buɗewa, manyan sandunan ƙarfe 32 cikin 96 da ke riƙe da na'urorin kariya daga girgizar suka tsinke lokacin da aka ɗaure su. An buɗe gadar a Satumba 2013 a kan kimanin dala biliyan 6.4. Rabin gada ɗaya ya ci fiye da ninki biyu da rabi na abin da gadoji 2,200 suka ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun: shekara 24 cur, motoci sama da dubu 200 a kullum suna bin tsohuwar gadar da hukuma da bakinta ta ce ba za ta jure babbar girgiza ba. Da girgizar ta zo a 2005, duk muhawarar ƙawa da an biya ta da rayuka.

Wa ya biya? A 1996 masu zaɓe a Kalifoniya sun amince a ci bashin dala biliyan 2 don wannan aiki, bashin da ake biya da kuɗin ruwa shekara da shekaru. Kuɗin ƙetare gadojin yankin ya tashi daga dala 1 zuwa 2 a 1998 da sunan girgizar ƙasa, aka sake ƙara wata dalar a 2007 da wannan suna. Mai wanke-wanke a otal ɗin San Faransisko da tsadar haya ta kora zuwa ƙetaren ruwa yana biyan daidai abin da mai banki yake biya. Gadojin ƙananan hukumomi kuwa, su ma fiye da 1,200, sun daɗe a baya saboda garuruwan ba su da kuɗin cika nasu kason, sai a 2006 jihar ta ware musu dala miliyan 125. Ƙananan gadojin nan su ne irin waɗanda riga mai araha take wadatarwa, kuma su aka bari a ƙarshen layi.

Masu goyon bayan ƙarfafa gadoji suna da amsa, kuma mai nauyi ce. Rufe titin Santa Monika a 1994 an ƙiyasta yana jawo asarar dala miliyan ɗaya a kullum, har jihar ta yi wa ɗan kwangila alkawarin dala 200,000 a kan kowace ranar da ya rage, ya tashi da tukuicin kusan dala miliyan 15. Maye gurbin Cypress ya ci kusan dala biliyan 1.2, bai kammala ba sai 1998. Titin Hanshin bai dawo gaba ɗaya ba sai ƙarshen Satumba 1996. Idan aka ajiye waɗannan kusa da dala miliyan ɗaya ta riga, babu gardama. Amma hujjar nan ginshiƙi mai araha a kan titi mai cunkoso take karewa. Ba ta kare kowane aiki da aka liƙa wa sunan girgiza, kuma an sha aron ta don wucewa da ayyukan da ba su da alaƙa da rigar.

Shekarun gadar ma lissafi ne. Zuba miliyoyi a ƙafafun gadar da kankarenta ke mutuwa da kansa asara ce. Gadar Titi na Shida a Los Anjalas, ginin 1932, yashin da aka kwaɓa ta da shi yana faɗa da simintin daga ciki, tana tsattsagewa a hankali. An yi ta faci shekaru, a ƙarshe aka rushe ta a 2016, sabuwar ta buɗe a 2022 a kan dala miliyan 588. A Siyatil, gadar sama ta bakin teku da girgizar 2001 ta raunata ta sha tokara da dubawa har shekara 18, kafin a maye ta da ramin ƙarƙashin ƙasa na fiye da dala biliyan 3. Kuɗin tokarar duk ya bi ɓaraguzai.

Hukuncina shi ne a sa wa ginshiƙan da aka gina da tsohon tsari riga da wuri, a fara da inda mutane suka fi yawa kuma harsashi bai buƙatar tono, kada a jira babban aiki ya gama cin kasafi. Duk inda lissafi ya shiga ƙarƙashin ƙasa, ko cikin kogi, ko ya fara maganar sabuwar gada, a tsaya a kawo shi gaban jama'a a matsayin aiki daban, da farashinsa, da shekarun da zai ɗauka, da abin da aka yi alkawari a kansa. Kuma a riƙa saka zaɓi na uku a teburin, wanda 'yan kwangila ba sa kawowa da kansu: a rushe kawai. Gadar Embarcadero mai hawa biyu a San Faransisko ta lalace a girgizar 1989, aka yi ta muhawara a kan gyara ta, birnin ya zaɓi rushewa, aka fara rushe ta a 1991. Ba a sake gina ta ba. Titi ne na ƙasa a wurin yau, da layin taragu da hanyar masu tafiya da ƙafa.